Kira da Ƙira: Giɓin da Ba a Ɗauka da Muhimmanci

Kalmomin "kira" da "ƙira" ba su bambanta ba sai da lanƙwasar harafi guda, amma ma'anarsu ta yi hannun riga: ɗaya aikin baki ne, ɗaya kuwa aikin maƙeri. Su biyun sun haɗu a cikin wata matsala ta ilimin kwamfuta da ta cancanci ɗalibin Hausa ya tsaya a kanta, ko da bai taɓa rubuta manhaja ba.

Kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da ƙirarta. Yawancin wayoyin da ke hannun 'yan kasuwar Zangon Wagadugu ƙirar ARM ne, kwamfutocin ofis kuwa galibi x86. Manhajar da aka shirya wa ɗaya ba ta aiki a kan ɗayar sai da tafinta. Wannan tafintan shi ne "makwaikwayi", sunan da ginin ma-…-i ya samar cikin sauƙi, kamar maɗinki da marubuci. Mafi shahara shi ne QEMU, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar a 2003.

Manhaja ba ta buɗe fayil ko rubutu a kansa da kanta. Roƙon cibiyar tsarin take yi, kuma kowane roƙo yana da lamba. Wannan shi ne kiran tsari. A Linux, kiran rubutu lamba 1 ne a x86-64, lamba 4 a tsohuwar ARM, 64 a sabuwar. Dole makwaikwayi ya san wane kira ake nufi, ya juya bayanan da ke tafe da shi zuwa awon mai masauki, ya kai saƙo, ya juyo da amsa. Ko lambar kuskure sai an fassara ta: ENOSYS, wato "babu wannan kiran", 38 ce a x86 da ARM, amma 89 a MIPS. Aiki ne na haƙuri, babu ƙyalƙyali a cikinsa, kuma ba ya ƙarewa, domin Linux ba ta daina ƙirƙiro sababbin kira. An shigar da kiran statx, mai tambayar bayanan fayil, a 2017. QEMU bai iya shi ba sai a 2019.

Abin koyi a nan shi ne halin da makwaikwayin ya nuna a tsakanin shekarun biyu. Idan aka yi kiran da bai sani ba, ENOSYS yake mayarwa, ya faɗa ƙarara cewa bai iya ba. Manhajar da aka rubuta da hankali sai ta koma ga tsohon kiran stat ta ci gaba. Wadda ba ta da wannan tanadi ta tsaya, a ga inda ta tsaya, wani ya zauna ya cike giɓin. Da a ce yana amsa "an gama" alhali bai yi komai ba, da ɓarnar ta ɓuya cikin bayanai, ba za ta bayyana ba sai bayan an rasa tushenta.

Wannan amsar ta ƙarya ita ce ake ba rubutun Hausa kullum. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun daɗe da samun lambobinsu a Unicode. Ta ƙ ita ce U+0199. Amma allon rubutun AZERTY da aka saba da shi a ƙasashen renon Faransa ba ya ɗauke da ko ɗaya. Mai rubutu sai ya buga k a gurbin ƙ, na'ura ta karɓa, babu gargaɗi. Baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ƙira ta koma kira. A Burkina Faso lamarin yana da wani ɗan ƙulli: allon da aka shirya domin Fulatanci zai ba da ɓ, ɗ da ƴ, domin harshen yana amfani da su, amma Fulatanci ba ya buƙatar ƙ. Bahaushen Zango yana iya samun uku cikin huɗu, ya zaci an biya masa bukata.

Akwai masu cewa mai jin harshe yana gane ma'ana daga muhallin magana, don haka asarar kaɗan ce. Gaskiya ne ga dattijon da ya tashi da Hausa a bakinsa. Ba gaskiya ba ne ga yaron da ya yi karatu da Faransanci, yake ciniki da harshen Mosawa, Hausar kuma a gida kawai yake jin ta. An rushe unguwar Zangouettin a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA, mazaunanta suka watsu. Rubutu na daga cikin abin da ke iya riƙe lafazi inda maƙwabtaka ta yanke. Haka kuma ba gaskiya ba ne ga ƙamus na intanet ko manhajar fassara, waɗanda daga rubutun suke koyo, kuma duk abin da aka ba su shi suke maimaitawa.

A ƙarshen 2023 an gyara tsarin mulkin Burkina Faso, aka buɗe wa harsunan ƙasa hanyar zama na hukuma, Faransanci ya koma harshen aiki. Idan aka zo tsara kayan rubutu, harsunan masu rinjaye za a fara dubawa, kuma babu laifi a hakan. Sai dai harafin ƙ ba shi da mai tuna shi a wannan zama in ba mai Hausa ba.

Abin takaici, jami'o'i sun fi girmama maƙala a kan matsalar fiye da gyaran kansa. Ɗalibin da ya gwada wani allon rubutu ko salon haruffa, ya gano ƙ ba ta fita, ya aika wa masu manhajar rahoto da lambar harafin da kalmomi biyu na misali, ya yi irin aikin da aka yi wa statx. Ya kamata sassan Hausa su karɓi irin wannan a matsayin aikin zangon karatu, su ba shi maki kamar yadda ake ba nazarin waƙa.