Idan an riga an buɗe ƙirji, kada a bar karkarwar zuciya

A zuciya mai lafiya, wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama ne ke ba da umarnin kowane bugu. A cutar karkarwar zuciya kuwa, saƙonnin lantarki kan riƙa kai-komo barkatai a ɗakunan sama biyu, sai su koma rawa maimakon matsewa. Jini ya kwanta ya daskare, gudansa ya tafi ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ke ninkawa kusan sau 5 ga mai wannan cuta.

A 1987, likitan tiyata James Cox na birnin St. Louis a Amurka ya fito da dabarar da ake kira Cox-Maze. Yakan yanka bangon ɗakunan bisa tsari ya ɗinke, domin lantarki ba ya ratsa tabo, sai saƙon bugu ya bi hanya guda da aka bar masa. Aikin ya yi tasiri, amma wahalarsa ta sa likitoci kaɗan ne suka rungume shi. Daga 2002, Ralph Damiano da abokan aikinsa suka maye gurbin yawancin yankan da ƙunar zafin igiyar rediyo da kuma sandarar da nama da tsananin sanyi. Tabon dai shi ne, sai dai lokaci ya ragu, haɗarin zubar jini ma haka.

Tunda hanya ta sauƙaƙa, bai kamata a gyara wa mai daɗaɗɗiyar karkarwa bawul ɗin hagu na zuciya a rufe ƙirjinsa ba tare da an taɓa karkarwar ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2015 kan majinyata 260 ya nuna cewa bayan shekara guda, kusan kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu da ƙunar sun rabu da cutar, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 29 ne kawai.

Masu ɗari-ɗari suna da hujja. Gwajin ya kuma nuna cewa waɗanda aka yi wa ƙunar sun fi buƙatar a dasa musu na'urar daidaita bugun zuciya. Wannan gaskiya ce da ya wajaba a faɗa wa majinyaci kafin ya sa hannu, ba dalilin ɓoye masa zaɓin ba.

Batun ya fi nauyi a ƙasashen Afirka, inda ciwon maƙogwaron yara da ba a magance ba ke lalata bawul ɗin matasa, karkarwa ta biyo baya. Iyalin da suka sayar da gona suka kai ɗansu tiyata da wuya su iya sake kai shi. Hakkinsu ne su tambayi likita tun kafin ranar aiki: shin za a yi maganin karkarwar a wannan buɗewar?