A koya wa yara hanyar dosiye, ba buga rubutu kaɗai ba

Duk malamin da ya taɓa kai kile wurin masu buga takardu ya san wannan tashin hankali: ka dawo lakwal ka soka shi a kwamfuta, sai ka tarar dosiyoyinka sun koma rakursi masu ƴar kibiya. Haka ta faru da ni bara, saura kwana uku a ba da sakamako. Na ɗauka makin ɗalibai ya salwanta, ashe ƙwayar cuta ce ta ɓoye dosiyoyin, ta ajiye rakursin ƙarya a madadinsu. Rashin sani ne ya firgita ni, don a lokacin ban san cewa rakursi nuni ne kawai zuwa inda kaya suke ba.

Shi ya sa nake ganin a ajin kwamfuta ya kamata yaro ya haɗa irin wannan nuni da hannunsa. Ya buɗe Bloc-notes, ya rubuta layi 2, ya ajiye da suna mai ƙarewa da .bat kusa da dosiyen Darussa:

set TUSHE=%~dp0Darussa
mklink /J "%USERPROFILE%\Desktop\Darussa" "%TUSHE%"

Alamar %~dp0 na nufin wurin da takardar umarnin take, ko kile ya zo a E: yau, gobe a F:. Ita kuwa %USERPROFILE% dosiyen wanda ya shiga kwamfutar ne, Hadiza ce ko Sani. Umarni ɗaya ya ishi aji duka. A nan ma yaro zai gane cewa abin da Windows ke nuna masa da sunan Bureau, sunansa na asali Desktop.

Wasu iyaye na tsoron kada yara su lalata na'ura. Suna da hujja, domin wanda ya goge takarda ta wannan ƙofa ya goge ta asali. To, a faɗa masa haka a aji, a gwada da dosiyen banza a gaban malami.

Malamai ƴan'uwana, awa ɗaya ta isa wannan darasi. Yaron da ya san yadda ake haɗa rakursi zai tsaya ya duba kafin ya danna wanda bai san mai shi ba, kuma wata rana makinku ne zai ceto.