Daga Ajin Yaƙi da Jahilci: Wutar Hanya a Ƙasar Wasu



Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Samarinmu na Dungas da Magariya sun fara ɗaura kayan cin rani. Wasu za su bi ta Maigatari da Gumel su shiga Kano, wasu kuma kan baburansu za su tafi. Don haka a wannan wata zan yi magana kan wutar hanya. Direbobinmu suna ce mata fe-ruj, mutanen Kano suna ce mata danja.

Bara wani ɗalibin ajina ya saida raguna biyu a kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya zarce Kano kan babur. Ya iso wata mararraba. Ya duba gefen dama inda ya saba ganin wuta a Damagaram, bai ga komi ba, sai ya wuce. Ashe wutar tana rataye can bisa tsakiyar hanya, kuma ja ce. Allah ya kiyaye, mota ba ta buge shi ba. Amma ma'aikatan hanya sun kama baburin, tara ta cinye masa kuɗin rago guda.

Launi uku ne ko'ina a duniya. Ja tana sama, ma'anarta tsaya. Ɗorawa tana tsakiya, ma'anarta ja na tafe, shirya tsayawa. Tsanwa tana ƙasa, ma'anarta wuce in hanya ta buɗe. Ma'anar launukan nan ba ta sakewa. Ga abin da ke sakewa.

Na ɗaya, wurin da aka kafa ta. A tsarin Faransa, wanda ƙasarmu ta gada, wutar tana kan ƙarfe a hannun dama, daidai inda za ka tsaya. A Amurka galibi tana ƙetaren mararraba. A manyan biranen Najeriya za ka ga wadda aka rataya sama, wata har da lamba mai ƙirga sauran lokacin jira. Kai da ka koyi lamba a aji, ga ranar amfaninta.

Na biyu, yadda take juyawa. A Faransa daga ja sai tsanwa kai tsaye. A Ingila ja da ɗorawa suna kamawa tare kafin tsanwa ta zo. Wanda ya ga haka ya shirya, amma kada ya motsa.

Na uku, kwana. A yawancin jihohin Amurka an yarda direba ya tsaya a jar wuta, ya duba, sannan ya yi kwanar dama. Kada ka ji labarin wannan ka gwada a Damagaram ko Kano. In an sa kibiya, ɓangaren da ta nuna kaɗai aka ba hanya.

Na huɗu, hannun tuƙi. Mu hannun dama muke bi. Najeriya hagu take bi a da, sai ran 2 ga Afrilu 1972 ta koma dama. Gana ta bi sahu a 1974. Amma Ingila da Indiya da Kenya har yau hagu suke bi. Baƙo a can ya fara duban dama kafin ya ƙetare titi.

In an ɗauke lantarki, ko ka ga ɗan sanda tsaye yana ba da hannu, hannunsa za ka bi ko da wuta ta nuna tsanwa.

Shawarata ita ce: kafin kowace mararraba rage gudu. Duba dama, duba sama, duba ƙetare. Kada ka bi na gabanka don ka ga ya wuce, mai yiwuwa shi ma laifi ya yi. In ka sauka baƙon gari, tambayi direbobin tasha yadda wutarsu take. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su kafin shuka. Sai wata mai zuwa.

Malamin yaƙi da jahilci, Dungas