Wa ya riƙe wa Fotugal bindiga?

Masu cewa Fotugal ita kaɗai ta yaƙi Gine-Bisau daga 1963 zuwa 1974 suna rufe gaskiya da tafin hannu. Ƙasar da talauci ya yi wa katutu, ina ta samo jiragen yaƙi? Jamus ta Yamma ta sayar mata da Fiat G.91, Faransa kuwa da jirage masu saukar angulu. A 1973, bayan kisan Amilkar Kabral, ƙasashe 93 suka yi marhabin da sabuwar jamhuriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Amurka ta ƙi, domin sansaninta na tsibiran Azor ya fi mata ƴancin baƙar fata daraja. Malamai, mu faɗa wa ɗalibai sunayensu duka: abokin ɓarawo, ɓarawo ne.