Gyambon Tsofaffinmu Da Na'urar Bugun Sauti

Duk wanda ya baro tsoho a gida ya zo kurmi neman abin kansa, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ya san irin saƙon nan da kan iso: ƙafar Baba ta ƙi warkewa, a aiko da kuɗin magani. A aika, a sake aikawa, wata shida gyambo yana nan yana ruwa. A tsofaffin unguwannin Bauchi irin su Ƙofar Dumi, ba baƙon abu ba ne ka ga dattijo a bakin zaure da ƙafa ɗaure da tsumma, yana korar ƙuda.

To, akwai wata na'ura da likitocin ƙasashen waje ke jiyyar irin wannan gyambo da ita, kuma gara jama'a su san gaskiyarta tun kafin 'yan damfara su riga mu ba da labari. Ba wutar lantarki take sa wa mutum ba. Sauti ne mai ƙarfi take bugawa cikin nama na 'yan mintoci, ba yanka, ba ɗinki. Bugun yana zaburar da jiki ya tsiro sababbin ƙananan hanyoyin jini a wurin, nama kuwa sai da jini yake tohowa. Asalin dabarar daga Jamus ne, inda a 1980 likitocin birnin Munich suka fara fasa tsakuwar ƙoda da ita ba tare da fiɗa ba.

A Disamban 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da wata mai suna Dermapace a kan gyambon ƙafa na masu ciwon sukari. An gwada ta a kan mutum 336. Bayan mako 24, gyambon kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka buga wa sautin ya rufe. A cikin waɗanda ba a buga wa na gaske ba kuwa, kashi 30 suka warke. Ba shakka ci gaba ne. Amma a lura, fiye da rabi ba su warke ba, alhali dukansu ana wanke musu gyambo ana ɗaurewa yadda ya kamata. Hukumar ma ta gindaya sharaɗi: kada gyambon ya wuce kamar santimita 4 tsawo da 4 faɗi, kada ya kai ga ƙashi.

A nan gizo ke saƙar. Gyambo nawa ne a garuruwanmu ke isa gaban likita yana ƙarami haka? Sai an gama barbaɗa masa toka da garin kafso, wani har da man birki, sai ya fara wari, sa'an nan a nemi mota zuwa asibiti. A lokacin ba maganar na'ura ake yi ba, maganar yanke ƙafa ake yi. Ciwon sukari kuwa yana kashe jijiyoyin ƙafa, har tsoho ya taka ƙaya ko mai yankan farce ya yanke shi bai ji ba.

Saboda haka muna kira ga masu aika kuɗi gida su riƙa faɗin abin da za a yi da su. A auna sukarin tsoho. A saya masa takalmi mai taushi, ya daina yawo ba takalmi. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, wani yaro mai ido ya riƙa duba tafin ƙafar kullum. Wanda ke kwance a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2, don kada bayansa ya ɓare. Ciwon da ya yi wata guda bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga shi nan cikin gari; na mai sukari kuwa ko kwana bai kamata ya yi a gida ba. In wani mai shago ya ce yana da injin warkar da gyambo, a tambayi likita tukuna kafin a biya shi ko kwabo.

Ita kuma Gwamnatin Jihar Bauchi, in akwai kuɗin sayen na'ura, a sa ta a hannun likitoci. Amma a fara wadata ƙananan asibitocin unguwa da bandeji, da abin awon sukari, da ma'aikatan jiyya waɗanda suka iya wankin gyambo, yadda tsohon Ƙofar Dumi zai je da ƙafarsa a wanke masa ya dawo kafin azahar.