Jemage Yana Da Suna, Maƙwabcinsa Fa?

Duk wanda ya zauna a Damilu da magariba lokacin nunar mangwaro zai ga jemagu suna shawagi a kan itatuwa. A jikin bawon wasu itatuwan, da kan duwatsun Bagale a ƙetaren Binuwai, akwai wani ɓawon-ɓawon abu mai ruwan toka ko kore-kore da masana kimiyya ke kira laikin. Na tambayi abokan karatuna sunansa, amsar da na fi samu ita ce gansakuka, alhali ba ita ba ce.

Halittun nan biyu sun daɗe suna rikita masu rarrabewa. Mutane kan ce jemage shi ba tsuntsu ba, shi ba ɓera ba. Amma masana sun raba gardama: dabba ce mai haihuwa da shayarwa, kuma nau'o'insa sun haura 1,400. Shi kuwa laikin, a 1867 masanin tsirrai Simon Schwendener ya nuna cewa halittu biyu ne suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: dangin fumfuna yana ba da mafaka, dangin gansakuka yana samar da abinci daga hasken rana.

Wajen kariya ma akwai bambanci. Ƙungiyar IUCN ta fara jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa a 1964, amma laikin bai shiga ba sai 2003, duk da nau'o'insa sun kusa 20,000. Babban jemagenmu mai ruwan kara kuwa, a 2008 aka sanya shi cikin waɗanda suke dab da shiga haɗari, musamman saboda farauta.

A ganina, abin da ba shi da suna ba ya samun mai tsaya masa. Jemage yana da masu kare shi, kuma ya cancanta, domin jemagu ne ke barbarar furen ɗorawa da na kuka. In babu su, kalwa za ta ragu, daddawa ta yi tsada. Laikin kuma yana saurin mutuwa inda hayaƙi ya gurɓata iska, wato gargaɗi ne gare mu. To, wa zai lura ya ɓace, tun da ba mu san yadda za mu ambace shi ba?

'Yan'uwana ɗalibai, aikin nan namu ne. Mu je wurin mafarauta da makiyaya da masu maganin gargajiya, mu ji me suke kiransa, mu rubuta. In ba a samu ba, mu zauna da malaman kimiyya mu raɗa masa.