Sana'ar Gida: Tanda ko Ƙarfen Lantarki?

Masa ba baƙuwa ba ce a Gaya. Tun da asuba mata ke hura wuta, su aza tanda. Manomi mai tafiya gona ya saya, ɗan makaranta ya saya, direban da ya kwana a tasha ma ya saya. Da kuɗin masa uwaye da yawa ke sayen sabulu da littafi da magani.

Yanzu cikin kayan lantarki da ƴan kasuwa ke shigowa da su akwai wani ƙarfe na toya masar Turawa. Kafin mace ta fasa asusunta ta saye shi, ya kamata ta san aikinsa da abin da yake ci.

Yadda ƙarfen yake

Da Faransanci sunan wannan masa gofur. Ƙasar Beljiyam ta yi suna wajen yin ta. Ƙarfen yana da faranti 2, sama da ƙasa, masu ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Lantarki ke gasa su duka biyu, saboda haka ba a juya ta kamar masa.

Ga yadda ake yi. A samu garin alkama kofi 2, ƙwai 2, madara kofi 1 da rabi, mai cokali 4, sukari cokali 2, gishiri kaɗan, da yis, wato abin da ke sa ƙullu ya tashi. A dama, a rufe kamar awa 1. A kunna ƙarfen ya yi zafi, a shafa mai, a zuba ludayi 1, a rufe. Bayan minti 3 zuwa 5, in tururi ya rage fita, ta nuna. Wanda ya yi gaggawar buɗewa, sai ta rabe biyu ta liƙe.

Akwai abu 3 da za a kiyaye. Na farko, a karanta lambar da ke bayansa. Wutar Nijar 220 ce. Ƙarfen da aka rubuta masa 110 ko 120 na Amurka ne, in aka haɗa shi kai tsaye zai ƙone. Na biyu, ba a tsoma shi cikin ruwa, ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. A cire waya, a bari ya huce, a goge da tsumma. Na uku, ba a kankare shi da cokalin ƙarfe, don yana ɓata shafen da ke hana liƙewa.

Abin da yake ci

Ƙarfen yana jan wuta ƙwarai. Da yawa suna cin wat 1000, kamar a kunna ƙwan fitila 100 masu wat 10 a lokaci guda. Ƙaramin faifan hasken rana na cajin salula ba ya iya ɗaukarsa. Ƙauyen da wayar NIGELEC ba ta kai ba, ƙarfen sai dai ado a ɗaki.

Ko a cikin gari, wuta ba ta da alkawari. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. A wancan lokaci garuruwa sun sha duhu. Mai sana'a kuwa ba ta iya ce wa masu saye su dawo in wuta ta zo.

Sai maganar gari. Yawancin garin alkama daga waje ake sayo shi. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya sa alkama ta yi tsada a duniya. A 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, hanyar da kaya ke biyowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kayan shago suka ƙara kuɗi.

Abin da tanda ke ci

Tanda kuwa kayan gida take ci. Ƙasar Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Ga gero a tudu, ga shinkafa a bakin kogi da gandun noman rani na Tara. Ga man gyaɗa, ga nono a ruga. Tandar ma magina tukwane ke yin ta da yumɓu.

A jiƙa shinkafa awo 4 ta kwana. A dafa awo 1 ta yi laushi, a bari ta huce. A haɗa su, a kai injin niƙa. A sa yis, ko nono, ko ragowar ƙullun jiya, a rufe. Lokacin zafi ƙullu na tashi da wuri, lokacin ɗari sai ya kwana. In ya yi tsami da yawa, a zuba ruwan kanwa kaɗan. A sa gishiri da sukari da albasa. A bari tanda ta yi zafi, a ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba. In gefe ya yi ja, a juya. Wuta mai yawa tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye.

Inda tanda ke cin kuɗi shi ne itace da mai. Itace na ƙara nisa, ga hayaƙi na ɓata ido da ƙirji. Murhun duwatsu 3 yana watsa zafi a banza. Murhun laka mai bango, ko murhun ƙarfe Mai Sauƙi da aka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980, sun fi tattalin itace. A toya a waje inda iska ke wucewa.

Lissafi kafin saye

Ga misali don koyon lissafi. A ce kuɗin ƙarfen jika 15 ne. A ce mace tana cin ribar dala 100 a rana, wato rabin jika. Sai ta yi kwana 30 tana aiki kafin ta maida kuɗin ƙarfen kaɗai. Ba a sa kuɗin wuta ba, ba a sa ranakun da wuta ta ɗauke ba. Kuma ƙarfen yana fitar da 1 ko 2 a zubi guda, tanda kuwa tana da gurabe da yawa.

Saboda haka gidan da ke da wuta da hali, ƙarfen yana da daɗi don marmari ranar salla ko ranar baƙi. Amma matar da masa ke ciyar da ƴaƴanta, ta riƙe tandarta, ta gyara murhunta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kowace mai masa ta samu littafi. A hagu ta rubuta abin da ta kashe: shinkafa, niƙa, mai, itace, sukari. A dama ta rubuta abin da ta sayar. Ta yi haka kwana 7, ta ɗebe na hagu daga na dama. Wadda lissafin ya rikice mata ta kai littafin makarantar yaƙi da jahilci, a duba tare. Maigida kuma ya ware mata shinkafa tun a masussuka, kafin a sayar da ita da arha.